Raddi Ga Mai Da'awar Rana Ta Sha Huɗu

Wani saƙon murya yana ta zagaya wayoyin mata, har ya iso hannun ƙanwata da ta yi aure bara. Mai maganar, wata mai sayar da maganin haihuwa, ta kafa da'awa uku: kowace mace tana sakin ƙwai a rana ta 14, miji ya kame kansa har ranar domin maniyyi ya taru, wadda ta yi haka wata uku babu ciki, mahaifarta ce ta lalace. Hajiya, da izininki, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kin ce rana ta 14. Lissafin yana da asali, amma ta wutsiya kika kamo shi. Abin da likitoci biyu, Kyusaku Ogino na Japan da Hermann Knaus na Austiriya, suka gano a shekarun 1920 shi ne ƙwai yana fita kimanin kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. Daga gaba ake ƙirgowa baya. Idan tsakanin al'adar mace da ta gaba kwana 28 ne, lissafin yakan faɗa kan rana ta 14. Mai kwana 35 fa? Nata sai wajen rana ta 21. Mai kwana 24 kuwa tun wajen rana ta 10. Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya duba zagayen al'ada fiye da 600,000, ya samu kashi 13 cikin 100 ne kawai suka zo kwana 28 cif. Ƙari a kan haka, ba ki faɗa wa matan daga ina za su fara ƙirge ba. Da yawa daga wankan tsarki suke farawa, alhali ranar da aka fara ganin jini ita ce rana ta ɗaya. Mai yin kwana bakwai, idan ta ƙirga daga wanka, ta tsallake da mako guda cur.

Da'awarki ta biyu ta fi ta farko illa. A 1995 Allen Wilcox da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi kan mata 221 a Amurka, kuma duk cikin da aka samu ya shiga ne a kwana shida: biyar kafin fitar ƙwai da ranar fitarsa. Dalili kuwa, maniyyi yakan rayu har kwana biyar a jikin mace, ƙwai kuma ba ya wuce yini da dare. Maniyyi ne ke zaman jiran ƙwai. Wanda ya kame kansa yana jiran rana guda, idan lissafi ya kuskure da kwana biyu, ya tarar kasuwa ta watse. Dogon kame kai ma yana rage wa maniyyi kuzarin tafiya. Shi ya sa hukumar NICE ta Birtaniya ta ba da shawarar saduwa duk bayan kwana biyu ko uku, ba tare da an ɗaure kai da kalanda ba.

A nan ne gidajenmu suke da abin lura. Mai mata huɗu da ke rabon kwana bibbiyu, kowace tana jiran dare shida kafin girki ya dawo mata, kuma kwanakin nan shida na shigar ciki suna iya faɗawa daidai cikin jiran. Haka matar ɗan ci-rani da ke leƙo gida wata-wata. Lafiyarsu ƙalau, lokaci ne bai haɗu ba.

Abin da ya kamata ki koya musu, jiki yana faɗa da kansa. Gab da fitar ƙwai, mace takan ga ruwa mai yauƙi da santsi kamar farin ɗanyen ƙwai, marar wari, marar ƙaiƙayi. Abin takaici, wannan ruwa ne wasu ke kira sanyi, har su sayi maganin busar da shi. Akwai kuma tsinken gwajin fitsari a kemis, mai nuna hauhawar sinadarin LH awa 24 zuwa 36 kafin ƙwai ya fito, ko da yake yana iya ruɗa mai larurar PCOS. Zafin jiki kuwa sai bayan ƙwai ya fita yake ɗan hawa, don haka labarin abin da ya wuce yake bayarwa.

Sai wata ukun nan. Ko an dace da lokaci, damar samun ciki a wata guda ba ta wuce ɗaya cikin uku ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ma'aurata suna samu cikin shekara idan matar ba ta kai 40 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta kiran abu rashin haihuwa sai an cika wata 12, likitoci kuma sukan ce wadda ta haura shekara 35 ta zo bayan wata shida. Na saurari saƙonki sau biyu, ban ji inda kika ce a auna miji ba, alhali a kusan rabin matsalolin haihuwa akwai hannun namiji, kuma gwajin maniyyi ya fi yawancin gwaje-gwajen mata sauƙi da araha. Ƙanwata ta yi wa mijinta maganar gwajin, ya ce zai yi tunani.