Danna waya ba shi ne aikin kirifto ba

A 2024 yayyenmu sun sha kwana suna danna Hamster Kombat, wai mainin suke yi. Mu dai a ganinmu ainihin aikin yana wani wuri. Bitcoin littafin lissafi ne da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, kowace ana ce mata nod. Kusan duk minti 10 ake ƙara sabon shafi. Idan aka ɗauke wuta, sai a bar nod a baya. Mai kula da ita zai buɗe allonta ta intanet, ya ga shafi nawa suka wuce ta, ya duba ko ma'ajiyarta ta cika. Irin wannan aikin ake biya wa albashi. Malamanmu na kwamfuta, don Allah ku koya mana, ko da alli ne, tunda janareta sai ranar jarrabawa.