Jakadan da Ya Daina Tafiya: Sabunta Fasfo daga Outoul

Kafin kalmar "jakada" ta shiga bakin 'yan jarida, sunan wani ma'aikaci ne a tsarin sarautar ƙasar Hausa. A Kano da Katsina da Zazzau, hakimai a birni suke zaune kusa da sarki, garuruwan da ke ƙarƙashinsu kuwa suna can nesa, wani tafiyar yini, wani ta kwanaki. Jakada shi ne ƙafar hakimi. Shi ke zuwa ƙauye ya isar da saƙo, ya karɓo haraji, ya komo da labarin abin da ya gani. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka tilasta wa hakimai komawa gundumominsu da zama, sai aikin jakadu ya dusashe. Kalmar kuwa ba ta mutu ba. An ɗauke ta an laƙaba wa wakilin ƙasa a wata ƙasa, daga nan aka sami "ofishin jakadanci" da "ƙaramin ofishin jakadanci". Abin da ya kamata ɗalibin Hausa ya lura da shi shi ne abin da kalmar ta yar a hanya. Jakadan da matafiyi ne. Na yanzu mazauni ne, talaka ke yin tattaki zuwa ƙofarsa.

Nauyin wannan sauyi ya fi bayyana a wuri irin kudancin Aljeriya. Outoul ƙauye ne a bakin babbar hanyar da ta ratsa Sahara, kimanin kilomita 20 arewa maso yamma da birnin Tamanrasset. Daga nan zuwa Aljiyas, babban birnin ƙasar inda manyan ofisoshin jakadanci suke, tafiyar kusan kilomita 1,900 ce. Zuwa In Guezzam, bakin iyakar Nijar, ɗan sama da kilomita 400 ne. Wato mazaunin Outoul ya fi kusa da Agadas a kan Aljiyas, nesa ba kusa ba. Shi ya sa Hausa ba baƙuwa ba ce a yankin. Ana jin ta a kasuwa, da wuraren gini, da unguwanni irin su Gataa el Oued da Tahaggart inda 'yan ci-rani daga Damagaram da Maraɗi da Tawa suke sauka. Har gasasshen naman da Tamanrasset ta yi suna da shi, "mainama" ake ce masa, sunan da kowane Bahaushe zai gane inda ya fito.

Akwai wasu baƙin da suka zo daga wuri mafi nisa. Ruwan da birnin ke sha tun shekarar 2011, daga In Salah ake turo shi ta bututu, tsawon kimanin kilomita 750, kuma kamfanonin ƙasar Sin na cikin waɗanda suka yi aikin. Injiniya Basine da lebura Bahaushe na iya haɗuwa a filin aiki guda a wannan hamada, kowa baƙo, kowa da ƙasar da ke da alhakin ba shi takardar shaidar ko shi wane ne. Yarjejeniyar Viyana ta 1963 kan hulɗar ƙananan ofisoshin jakadanci ta fayyace wannan a sashe na 5: bayar da fasfo da takardun tafiya ga 'yan ƙasa yana cikin ayyukan ƙaramin jakada. A kan takarda, haƙƙin mutanen biyu ɗaya ne. Bambancin yana fitowa ne ranar da wa'adin fasfon ya gabato.

Dokar fasfo ta ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2007, ta ba wanda ya kai shekara 16 fasfo mai wa'adin shekara 10, na ƙasa da haka kuma shekara 5. Ba a tsawaita shi. In ya kusa ƙarewa sabo ake nema, kuma wanda ke ƙasar waje ofishin jakadanci ne hanyarsa. Kasancewar Sin ba ta amince da zama ɗan ƙasa biyu ba, wannan ɗan littafi shi kaɗai ne madogarar Basine. A da, sai ya cike takardu, ya nemi rana, ya bayyana da kansa. A watan Mayun 2021 ma'aikatar harkokin wajen ƙasar ta fito da manhajar waya ta musamman domin wannan hidima. Mai nema zai shigar da bayanansa da hotonsa, manhajar ta tantance fuskarsa, in jami'i na da tambaya a yi ganawa ta bidiyo, kuma a ƙasashe da dama ta hanyar gidan waya ake aika tsohon fasfo a karɓi sabo. Ga wanda ke sansanin aiki a tsakiyar Ahaggar, kowane mataki da aka mayar cikin waya tafiyar kwana da kwanaki ce aka yafe masa, da kuɗin mota ko na jirgi, da ladan aikin da zai rasa.

Yabon ya tsaya a nan, domin tsarin nan yana da wata fuska. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha ba da rahoton cewa 'yan ƙabilar Uyghur mazauna ƙasashen waje sun nemi sabunta fasfo aka hana su, aka ce sai dai a ba su takardar tafiya ta komawa gida. Manhaja tana rage nisa, amma ba ta sauya niyyar gwamnati. Wanda ƙasarsa ke so ya zauna inda yake, za a sabunta masa cikin sauƙi. Wanda ake so ya dawo, sai a bar wa'adin ya cika, lokaci ya yi aikin da ɗan sanda zai yi. Fasfo igiya ce, ɗayan bakinta yana hannun hukuma.

To, ina aka kwana game da Bahaushe? Ɗan Najeriya yana da zaɓi biyu: fasfo mai shafi 32 na shekara 5, ko mai shafi 64 na shekara 10, kuma ba a ba shi sai bayanansa sun dace da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Harafi guda da ya bambanta tsakanin Muhammad da Mohammed, ko ranar haihuwar da wani magatakarda ya ƙaga shekaru da suka wuce, ya isa ya tsayar da komai. Ofishin jakadancin Najeriya yana Aljiyas. Ita ma Najeriya ta shiga sahun masu manhaja: a watan Nuwamban 2024, a zamanin ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo, aka fara sabunta fasfo ta waya ba tare da zuwa ofis ba. A Kanada aka fara, sannan aka faɗaɗa zuwa Ingila da Turai. Ba laifi ba ne a fara daga inda masu nema suka fi yawa. Sai dai jerin yana faɗin wani abu game da waɗanda hukuma ke tunawa in aka ce "'yan Najeriya mazauna ƙetare". Likitan da ke Toronto yana cikinsu. Mai ɗinkin takalmi a Tamanrasset, wanda tafiyarsa zuwa ofis ta fi ta likitan wahala da haɗari, sai ya jira.

Ɗan Nijar ya fi shi dama ta fuska ɗaya, domin ƙasarsa na da ƙaramin ofishin jakadanci a cikin Tamanrasset, haka ma Mali. Daga Outoul, tafiyar rabin sa'a ce. Amma fasfon Nijar mai shekara 5 ne, kuma hukumar da ke da alhakin fitar da shi tana Yamai. A kan haka siyasa ta ƙara nata nauyin. A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, aka kuma sanar da sabon fasfo na ƙawancen AES, tare da cewa tsofaffin za su ci gaba da aiki har wa'adinsu ya cika. A watan Afrilun wannan shekarar, bayan Aljeriya ta harbo wani jirgin Mali marar matuƙi a yankin Tin Zaouatine, ƙasashen uku suka kira jakadunsu gida. Manya sun yi fushi da juna, amma kwanan watan da ke jikin fasfon talaka bai tsaya jiran sulhu ba.

Abin da ke biyo bayan ƙarewar wa'adi shi ne ainihin maganar. Aljeriya ba ta cikin ECOWAS, saboda haka takardun da ke kai mutum Kwatano ko Akara ba su da amfani a nan. Ɗan Nijar da ɗan Najeriya duka biza suke buƙata. Doka mai lamba 08-11 ta ranar 25 ga Yunin 2008 ita ke tsara shigar baƙi da zamansu, kuma ta tanadi ɗauri da tara da kora ga wanda ya saɓa. Katin izinin zama a kan fasfo mai rai yake ratayawa. In fasfon ya mutu, ba a jima ba katin ke bin sa. Daga ranar, ɗan kasuwar da ya yi shekaru yana zaune da izini, da ɗalibin jami'a, da matar aure, duk sun shiga layi ɗaya da wanda ya tsallako jiya da dare. Kowane shingen bincike a kan hanyar Aljiyas ya zama tarko, alhali ita ce hanyar da za ta kai shi inda zai gyara matsalar. Ana cewa ya je ya sabunta takarda, amma zuwan yana buƙatar takardar.

Ƙarshen wannan layi sananne ne. Tun bayan fahimtar juna da Aljeriya da Nijar suka cimma a 2014, ayarin motoci ke kwashe mutane daga Tamanrasset zuwa kudu. 'Yan Nijar akan miƙa su ga hukumomin ƙasarsu a Assamaka. Sauran baƙi kuwa sau da yawa a wani fili da ake kira Point Zéro ake sauke su, su taka kimanin kilomita 15 a cikin yashi kafin su ga gari. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro a shekarar 2024 kaɗai.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce an bar jaki ana dukan taiki. Mafi yawan waɗanda ake korowa ba su taɓa riƙe fasfo ba balle ya ƙare. Mata da yara 'yan yankin Kance na jihar Damagaram su ne suka fi yawa a cikin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hanyar Aljeriya a watan Oktoban 2013, kuma ba jinkirin ofis ne ya kai su can ba, yunwa ce. Wanda ba a yi masa takardar haihuwa a ƙauye ba, me zai sabunta? Wannan gaskiya ce, kuma tana da nauyi. Gaskiya ne kuma fasfo ba izinin zama ba ne. Aljeriya ce ke da ikon cewa wane ne zai zauna a ƙasarta. Amma hujjar ba ta wanke kowa. In ƙasa ba ta iya hana yunwa korar mutanenta ba, aƙalla kada ta bari 'yan kaɗan da suka bi ƙa'ida su faɗa ramin saboda sakacinta. Kuma sauran mutane suna kallo. Matashin da ya ga maƙwabcinsa ya kashe kuɗi ya yi fasfo da biza, bayan shekara 5 ya koma ɓuya kamar kowa, ya riga ya koyi darasin da ba a so ya koya.

Akwai wani abu da ƙasashen nan suka yi tarayya a kai, duk da bambancin arzikinsu. Takardar da ta fi saurin fitowa daga hannun jakada ita ce ta komawa gida. Najeriya ta yarda 'yan ƙasarta su dawo da fasfon da ya ƙare, ofisoshinta kuma na ba da takardar tafiyar gaggawa. Wanda za a mayar Nijar, takardar wucewa ta tafiya ɗaya ta ishe shi. Basinen da aka hana sabuntawa, ita aka miƙa masa. Duk waɗannan suna da amfaninsu, domin wanda ya maƙale gara a buɗe masa ƙofa. Sai dai ɗan ci-rani bai tsallaka hamada domin ya koma hannu rabbana ba. Abin da yake nema shi ne takardar da za ta bar shi ya zauna, ya yi aiki, ya aika wa iyali, ya je gida da salla ya dawo. Nijar na kiran mazauna ƙetare "jiha ta tara", kari a kan jihohinta takwas. Jihar da sai ta bar garinta kafin a ba ta takarda, sunan kawai ta samu.

Gyaran bai kai girman matsalar ba. Na'urar ɗaukar hoto da zanen yatsu a yau akwati guda take cika, kuma ƙasashe da dama, har da Najeriya, sukan tura jami'ai na 'yan kwanaki zuwa biranen da ba su da ofis domin yi wa mutanensu fasfo. Abin da aka saba yi a biranen Turai da Amurka babu dalilin da zai hana a yi shi a Tamanrasset, da izinin hukumomin Aljeriya, sau biyu a shekara, a ranakun da aka sanar tun da wuri ta bakin shugabannin al'umma da saƙon murya na WhatsApp, da Hausa da Tamashek, ba da Faransanci ko Ingilishi kaɗai ba. Kasuwar baje-koli ta Assihar, wadda ke tara 'yan kasuwar Nijar da Mali da Aljeriya a birnin, lokaci ne da ya dace da ɗaya daga ciki. Manhaja irin ta Sin za ta taimaka wa mai babbar waya da ilimin boko, amma leburan da ke kwana a wurin gini a Outoul mutum yake buƙata, wanda zai zauna da shi ya warware rikicin suna da na ranar haihuwa. Nijar kuma za ta iya rage rabin wahalar da alƙalami kawai, in ta mayar da wa'adin fasfon manya shekara 10. Ofishinta na Tamanrasset yana nan da gininsa da ma'aikatansa. A ba shi ikon karɓar buƙata tun daga farko har miƙa sabon littafi, da wa'adin kwanaki da aka rubuta a bakin ƙofa, yadda mai nema zai san ranar da zai dawo.