Tauraron Da Ke Hango Hadari: Yaushe Labarinsa Zai Isa Gona?

Da zarar watan Mayu ya kama, hankalin 'yan ci-rani da ke Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal sai ya koma gida. Mai tura baro a Mile 12 da mai sayar da goro a Sabon Badun tambayarsu ɗaya ce: ruwa ya sauka ko bai sauka ba? Wanda ya yi gaggawar tafiya ya tarar ƙasa a bushe, ya yi hasarar cinikin wata guda. Wanda ya aika kuɗin iri aka shuka a ruwan farko, sa'an nan sama ta ɗauke kwana ashirin, sai ya sake aika wasu. Alhali kuwa akwai na'urar da ke kallon wannan sama dare da rana, kuma Nijeriya tana samun hotunanta.

Sunan na'urar Meteosat. Tauraron ɗan adam ne na ƙasashen Turai, ƙungiyarsu mai suna EUMETSAT da ke Darmstadt a Jamus ita ke tafiyar da shi. An harba na farko a 1977, shekara 17 bayan Amurka ta harba TIROS-1, tauraron duba yanayi na farko da ya yi aiki sosai. Yana can sama kilomita 36,000, wato mil 22,000 da 'yan kai, yana zagayawa daidai da juyawar duniya, saboda haka kullum a wuri guda a ke ganinsa, bisa tekun da ke kudu da Ghana. Turawa don kansu suka ajiye shi can, amma sai ya zamana Afirka ta Yamma ce ta faɗo a tsakiyar idonsa. Sabon samfurin da aka harba a watan Disamba 2022 yana ɗaukar hoton wannan sashe na duniya kowane minti 10, kuma yana ɗauke da wata kyamara mai ƙidaya walƙiya.

Yadda ya ke gane ruwa ba wani abin sihiri ba ne. Girgijen da zai zubar da ruwa mai yawa a ƙasar Hausa yakan yi tsawo ƙwarai, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon sanyin kansa. Tauraron yana auna wannan sanyi ko da tsakar dare ne. In aka ga girgije mai tsananin sanyi ya daɗe a kan wani yanki, sai a ƙiyasta ruwan da ya zuba. Masanan Jami'ar Reading ta Ingila sun daɗe a kan wannan dabara a shirinsu na TAMSAT, har sun tara lissafin ruwan Afirka tun daga 1983. Hotunan kuma sun tabbatar da abin da kowane tsoho ya sani, cewa hadari daga gabas ya ke tasowa. A kan ga ya haɗu da la'asar a kan tsaunukan Jos ko duwatsun Azbin, ya jeru kamar sahu, ya nufi yamma da gudun kilomita 50 ko fiye a awa. Ashe ke nan wanda ke kallon hoton a Abuja yana iya faɗa wa mutanen Sakkwato abin da ke tafe musu tun da sauran awoyi.

To, amma tauraro kan girgije ya ke gani, ba ya ganin ɗigon da ya taɓa ƙasa. Dole sai an gwada ƙiyasinsa da ma'aunin ruwa da aka kafa a gari. A nan ne aka bar mu baya. Hukumar Yanayi ta Duniya ta sha faɗin cewa tashoshin awon da ke Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata ba. Ma'aunin ruwa kuwa ba ya kai kuɗin tayar motar kwamishina ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka taurarin da Nijeriya ta harba su ke wannan aiki. NigeriaSat-1 na 2003 da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X na 2011 an yi su ne don ɗaukar hoton ƙasa, NigComSat kuwa na sadarwa ne. Hukumar Yanayi ta Ƙasa, NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, hotunan Meteosat ta ke karɓa, kamar sauran takwarorinta na Afirka da Tarayyar Turai ta kafa wa na'urorin karɓa a shekarun 2000. Wannan ba abin kunya ba ne. Sayen tauraro na kanka kana rasa masu karanta hoton na kyauta, shi ne zai zama abin dariya.

Masu karanta hoton fa ana koyar da su, kuma yawancin makarantun suna nan Kudu kusa da masu karanta wannan shafi. A Oshodi cikin Ikko akwai makarantar horar da ma'aikatan yanayi wadda Hukumar Yanayi ta Duniya ta amince da ita. A Akure, Jami'ar Fasaha ta Tarayya tana da sashen ilmin yanayi. A Ile-Ife, cikin Jami'ar Obafemi Awolowo, akwai cibiyar koyar da ilmin sararin samaniya mai alaƙa da Majalisar Ɗinkin Duniya, an buɗe ta a 1998, tana kuma kai wannan ilmi makarantun sakandare. NiMet ta buɗe wata makaranta a Katsina. A Yamai kuwa akwai AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan farin da ya ƙarar da shanu a yankin Sahel, da kuma ACMAD mai hidima ga Afirka duka. A 2017 wani shiri mai suna SWIFT ya haɗa Jami'ar Leeds da NiMet da Akure a kan hasashen hadari na 'yan awoyi. Yaron da ya iya lissafi da kimiyya a Agege ko Idi-Araba, motar haya ɗaya ko biyu ce tsakaninsa da ƙofar Oshodi, kuma ana bukatar wanda zai iya bayyana hoton girgije da Hausar da kakarsa za ta gane.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin ofis da gona. Kowace shekara wajen Janairu ko Fabrairu NiMet takan fitar da hasashen damina: lokacin saukar ruwa, lokacin ɗaukewarsa, da inda a ke tsoron tsayawarsa a tsakiya. Har da Hausa a ke fassara shi. A taru a Abuja, minista ya yi jawabi, a ɗauki hoto. Daga nan sai a jira gwamnatocin jihohi da malaman gona su kai shi ƙauye, malaman gonar da a wasu ƙananan hukumomi sai a shekara ba a ga ƙeyarsu ba. Manomin da ya yi binne a watan Mayu bai san an rubuta cewa yankinsa sai Yuni ba.

Ambaliya ta fi nuna tsadar wannan giɓi. A 2012 da 2022 ruwa ya shafe hanyar Lakwaja, manyan motoci suka yi kwanaki a jere, tumatir ya ruɓe, shanu suka galabaita, farashi ya tashi a kasuwannin Kudu. Ta 2022 ta kashe mutum fiye da 600. A watan Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare. A ƙarshen Mayu 2025 ruwan dare ɗaya ya hallaka fiye da mutum 150 a Makwa, garin da duk direban da ke hawa Arewa ta Jabba ya sani. Tauraro ba ya gyara madatsa, ba ya yashe magudana, kuma ba kowane ruwa ne a ke iya faɗin unguwar da zai faɗa wa ba. Amma gargaɗin awa uku ya isa a kwashe yara a hau tudu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 2027 a matsayin shekarar da kowane mutum a duniya zai shiga ƙarƙashin tsarin gargaɗi. In ana son a kusanci haka a Arewa, ba sabon tauraro a ke jira ba. Gidajen rediyon jihohi su ware minti biyar safe da yamma, a karanta hasashen ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a kuma faɗa wa jama'a gaskiya cewa hasashe ne, yana iya kuskure. Sarakunan Hausawa na Kudu da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwar gwari suna da hakkin neman NiMet ta riƙa aiko musu da shi kai tsaye, domin su ne masu waya a hannu, su ne kuma masu aika kuɗin iri da taki gida.