Ƙwannafi, Goro Da Kanwa: Ba Kowane Gwaji Ne Mai Ciki Za Ta Yi A Gida Ba

Da wuya a tashi daga ɗakin awo ba a sami mata da yawa sun yi kukan ƙwannafi ba, musamman waɗanda cikinsu ya haura wata shida. Kuma kusan kowace ta riga ta gwada wani abu kafin ta zo: wata ta daina cin yaji, wata tana tauna goro, wata kuma uwar miji ta jiƙa mata kanwa. Ni a matsayina na ungozoma ba na hana mace lura da jikinta ta gano abin da ke tayar mata da ciwo. Sai dai akwai gwajin da ya dace a yi a gida, akwai kuma wanda na asibiti ne.

Dalilin ƙwannafi sananne ne. Sinadarin firojestaron da ke ƙaruwa lokacin juna biyu yana sassauta naman da ke rufe bakin tumbi, sannan mahaifa idan ta girma tana tura tumbin sama, sai ruwan tsami ya hauro maƙogwaro. Tsofaffi kan ce gashin jariri ne ke kawo shi. Kada a yi musu dariya, domin a shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun bibiyi mata 64, suka ga cewa masu ƙwannafi mai tsanani sun fi haihuwar jarirai masu gashi. Amma fa ba gashin ne ke ƙona ƙirji ba, ana dai zaton sinadaran ciki ne ke haddasa duka biyun.

Gwajin da nake goyon baya shi ne na abinci da kwanciya. Ki raba abincinki kashi biyar ko shida maimakon cika ciki sau uku. Ki bar awa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, ki kwanta ta gefen hagu, a kuma ɗaga kan gado da bulo ko katako. Idan kina zargin soyayyen abu ko yaji, ki bar abu ɗaya na mako guda ki gani. Idan kika bar komai lokaci ɗaya, ba za ki san mai laifin ba, ga kuma yunwa.

Sai batun kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi, shayi, goro da lemon kwalba irin su Coca-Cola. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ba da shawara a 2010 cewa kada mai ciki ta kai miligiram 200 a rana. Babban kofin shayi yana da kimanin 75, na Nescafé kimanin 100. Matsalarmu a nan ita ce mata ba sa lissafa goro, alhali wadda ke tauna shi daga safe zuwa dare don tsayar da miyau tana iya wuce ƙa'ida ba ta sani ba. Kafeyin yana ratsa mabiyiya ya isa ga jariri, kuma yana ƙara wa wasu ƙwannafi. Shayi kuma yana rage wa jiki cin moriyar maganin ƙarin jini, don haka kada a haɗiye ƙwayar da shi. Wadda ta saba, ta rage a hankali, domin dainawa farat ɗaya na kawo ciwon kai.

Inda na ƙi sam shi ne kanwa. Gaskiya tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma cike take da sinadarin gishiri mai tara ruwa a jiki. Tun a shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka nuna a Zariya yadda yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai zafi ke da alaƙa da ciwon zuciyar masu jego. Hodar bakin burodi da wasu ke jiƙawa ita ma haka take. Maganin kemis ma a bi a hankali. Ibuprofen da diclofenac suna ƙara ƙona tumbi, kuma suna da haɗari ga jariri idan ciki ya tsufa. Ranitidine da aka saba bayarwa a da, ƙasashe da yawa sun janye shi daga kasuwa a 2020. Muna da magungunan da suka dace, amma ko su ana ba da tazarar awa biyu tsakaninsu da na ƙarin jini.

Maganar gashi kuwa ba ta da tsawo. Zubar gashi wata uku bayan haihuwa ba cuta ba ce, yakan dawo da kansa kafin yaro ya shekara. Kada a kashe kuɗi kan mayuka, a dai sassauta kitso don kada gaban goshi ya cinye.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zafin da ba ƙwannafi ba ne. Bayan mako 20 na ciki, ciwo a saman ciki ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, tare da ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, yana iya zama hawan jinin masu ciki wanda ke kaiwa ga jijjiga. Mace na iya kwana biyu tana shan madara da kanwa alhali jininta na hawa. Maigida da uwar miji, idan kun ga haka kada ku jira ranar awo ko wayewar gari. Ku kawo ta ɗakin haihuwa da katinta a auna jininta da fitsarinta, ƙofarmu a buɗe take dare da rana.