Kuɗin fansho a Amurka: wa zai biya gobe?

A shekarar 1935 Amurka ta kafa asusun fansho na gwamnati. Ma'aikaci da mai ba shi aiki suna zuba kashi 12.4 cikin 100 na albashi, rabi-rabi. Ba ajiye wa ma'aikaci kuɗin ake yi ba. Da su ake biyan tsofaffin yau, shi kuma na baya za su biya shi.

A 1960, ma'aikata kamar 5 ke ɗauke da mai karɓa ɗaya. A 2024 ba su kai 3 ba, domin haihuwa ta ragu, mutane kuma suna daɗewa a duniya.

Saboda haka masu kula da asusun ke hasashen shekaru 75 masu zuwa. Rahotonsu na 2025 ya nuna ajiyar asusun tsofaffi za ta ƙare a 2033. Idan ba a gyara doka ba, kashi 77 cikin 100 na fansho kaɗai za a iya biya.

Manyan hanyoyin gyara uku ne: a ƙara abin da ake zubawa, a ɗaga shekarun barin aiki, ko a rage fansho. Kowace hanya da wanda za ta ƙuntata wa. Jinkiri kuwa ƙara wa matasa nauyi yake yi.