Aljanun Aro

Jama'a, littattafan yaƙi da aljanu sun cika kasuwa, amma akasarinsu lami ne. Jarumi ba ya yunwa, ba ya shan kaye. Da ya shiga uku, sai zoben tsafi ya cece shi. To, yaushe gaban mai karatu zai faɗi? Biranen ma aro ne daga Bagadaza.

A Ganɗoki na 1934, Bello Kagara ya fara tsayar da jaruminsa a yaƙin Kwantagora da Turawa, kana ya kai shi ƙasar aljanu. Shi ya sa muka gaskata shi.

A 1968 ruwan Kainji ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibiran Gungawan Yawuri. Ɗaliban Shanga da Ngaski, ga garuruwa ƙarƙashin ruwa, tsofaffin da suka san lungunansu kuwa suna ƙarewa. Ku ɗauki alƙalami tun suna raye.