FAGEN KIMIYYA: Abin Da Ke Tsufar Da Batir

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya riƙe wayar hannu shekara biyu ko uku ya san yadda batirinta ke sauya hali. Sa'ad da take sabuwa cajin safe yakan kai mutum har dare, amma da tafiya ta yi nisa sai ya zamana tun kafin la'asar ta fara neman wuta. Haka nan magidancin da ya tara kuɗi ya sayi batirin ajiye wutar hasken rana yake ganin ƙarfinsa yana raguwa shekara bayan shekara. Ɗaya daga cikin manyan dalilan wannan tsufa kuwa abu ne da kowane magini da maƙeri ya sani, watau kumburi da tsagewa.

Batirin da ake magana a kansa shi ne na sinadarin litiyom, wanda kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fara fitarwa kasuwa a shekarar 1991. A cikinsa akwai ma'ajiyoyi biyu da wani siririn shamaki ya raba, kuma dukkansu suna jiƙe da ruwan batir. Kowace ma'ajiya gari ce mai laushi da aka manne a jikin fallen ƙarfe. Ɗaya an yi ta da girafait, baƙin nan da ke cikin fensir, ɗayar kuwa da haɗin ƙarafa irin su nikel da manganis da kobalt. Idan ana caji, litiyom yakan ƙaura daga ma'ajiyar ƙarafa ya shige cikin ƙwayoyin girafait, idan kuma ana amfani da wayar sai ya koma inda ya fito.

To, baƙo ba ya shiga ɗaki sai an matsa masa wuri. Duk lokacin da litiyom ya cika ƙwayar girafait takan kumbura da misalin kashi 10 cikin 100, in ya fita kuma ta motse. Wannan yana faruwa a kowane caji, sau ɗaruruwa a shekara. Wanda ya taɓa lanƙwasa ƙarfe yana miƙe shi har ya karye ya san ƙarshen irin wannan aiki. Idan ƙwaya ta tsage, ruwan batir yakan shiga tsagar ya haɗu da litiyom su yi wani ɓawo a jikinta, litiyom ɗin da ya shiga ɓawon kuwa ya tafi ke nan. Wani lokaci ma ɓarɓashin ƙwayar yakan rabu da sauran, wuta ta daina isa gare shi.

Matsalar masana ita ce ƙwayoyin nan sun fi gashin kai siranta, kuma suna kulle cikin gwangwani. Ba shi yiwuwa a jira shekara goma kafin a san ko sabon haɗi zai yi ƙarko. Saboda haka suka koma ga lissafi. Sukan rubuta ƙa'idodin yadda litiyom ke ratsa ƙwaya, da yadda take kumbura, da iyakar matsin da za ta iya jurewa, sa'an nan su ba kwamfuta ta kwaikwayi caji dubu cikin ɗan lokaci.

Tushen wannan aiki yana Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. A shekarar 1993 Farfesa John Newman da abokan aikinsa biyu, Marc Doyle da Thomas Fuller, suka tsara lissafin tafiyar litiyom a cikin batir, wanda har yau ake dogara da shi. A shekarar 2006 kuma Newman da John Christensen suka ƙara masa lissafin matsi da tsagewa.

Abin da lissafin ya nuna yana kama da halin ƙwan fitilar kananzir mai gilashi. Idan ruwan sanyi ya ɗiga a kan gilashi mai zafi, wurin da ya taɓa yakan motse nan take alhali sauran bai motse ba, wannan ja-in-ja shi ke fasa shi. Haka ƙwayar batir take. Litiyom yakan fara cika bayanta kafin ya kai tsakiya, sai bayan ya nemi kumbura tsakiyar tana riƙe shi. Lissafin ya tabbatar da cewa matsin yana ƙaruwa idan cajin ya yi sauri, ko ƙwayar ta yi girma, ko kuma litiyom yana tafiya a hankali cikinta, kamar yadda yake yi a lokacin tsananin sanyi.

Amma lissafi yana da iyaka, kuma silikon ne ya nuna ta. Silikon shi ne sinadarin da ke cikin yashi, yana kuwa iya ɗaukar litiyom misalin ninki goma na abin da girafait mai nauyinsa ke ɗauka. Wannan ya sa masu ƙera batir suka daɗe suna kwaɗayinsa. Illarsa ita ce yakan kumbura da misalin kashi 300 cikin 100, watau ya kusan ninka girmansa huɗu, bayan 'yan caji kaɗan kuma ya dagargaje.

Bisa ga lissafin farko, a lokacin da litiyom ke shiga, bayan ƙwaya a matse yake, saboda haka ba a sa ran ya tsage sai lokacin fita. Amma gani ya kori ji. A shekarar 2012 Xiao Hua Liu da Jian Yu Huang da abokan aikinsu a ɗakin bincike na Sandia a Amurka suka ba da rahoton abin da suka gani sa'ad da suka yi wa ƙwayoyin silikon caji a ƙarƙashin madubin ƙara girma mai aiki da lantarki. Ƙwayoyin sun tsage ne daga baya tun litiyom yana kan shiga, akasin abin da aka yi zato.

Tilas aka gyara lissafin. An gane cewa litiyom ba ya ratsa sabon silikon sannu a hankali kamar ruwa cikin tsumma. Yakan ci shi ne daga waje zuwa ciki, da iyaka bayyananniya tsakanin wurin da ya ci da wanda bai ci ba, ɓangaren da ya ci kuwa yakan yi laushi. Yayin da iyakar ke matsawa ciki, sabon kumburin yakan turo ɓawon waje har ya ɗame shi ya yage, tamkar buhun da aka cika da wake ruwa ya jiƙa shi. Masana irin su Zhigang Suo na Jami'ar Harvard da ɗalibansa suna cikin waɗanda suka sa wannan hali cikin lissafi, daga nan ya dace da abin da ido ya gani.

Binciken na Sandia ya fito da wani abu kuma. Ƙwayoyin da faɗinsu bai kai misalin nanomita 150 ba sun kumbura ba tare da sun tsage ba. Nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Bayanin wannan ya koma ga wani injiniya na Ingila, A. A. Griffith, wanda ya yi gwaji da gilashi ya buga sakamakonsa a shekarar 1921. Ya nuna cewa tsaga ba ta ci gaba sai ƙarfin da ke tare a jikin abu ya isa ya buɗe ta, ƙaramar ƙwaya kuwa ba ta iya tara wannan ƙarfi. Tun a shekarar 2008 ma Yi Cui na Jami'ar Stanford ya gwada silikon mai siffar siraran zaruruwa ya ga suna jure kumburi. A yau masu ƙera batir sukan gauraya silikon kaɗan cikin girafait, su bar masa ɗan fili da zai kumbura.

Ma'ajiyar ƙarafa ita ma tana da tata matsala. Kowace ƙwayarta dunƙule ne na ƙananan tsaba masu yawa, kowace tsaba tana motsewa ta nata gefe, sai dunƙulen ya tsage ta mahaɗarsu. A shekarar 2019 Jeff Dahn na Jami'ar Dalhousie a Kanada da abokan aikinsa suka gwada batir mai ƙwayoyi tilo waɗanda ba su da mahaɗa, suka ƙiyasta zai iya tafiyar da mota mai lantarki fiye da kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari shida.

Sakaci da wannan fanni yana da tsada. A watan Satumba na shekarar 2016 kamfanin Samsung ya janye wayoyin Galaxy Note 7 kimanin miliyan biyu da rabi saboda wasunsu suna kama wuta, a watan Oktoba kuma ya daina yin su. A watan Janairu na 2017 ya bayyana cewa a kashin farko na batiran kwanson ya matse ma'ajiyar a wata kusurwa har ta lanƙwashe, ɓangarorin biyu suka haɗu.

Mai karatu na iya amfana da wannan ilmi a gidansa. Caji mai tsananin sauri yana ƙara wa ƙwayoyin batir matsi, cika shi maƙil da ƙarar da shi ƙarƙaf kullum kuma yana sa su kumbura su motse iyakar iyawarsu. Zafi shi ma yana hanzarta haɗuwar ɓawon nan mai cin litiyom, saboda haka barin waya cikin rana ko ajiye batirin gida a ɗaki marar iska asara ce. Sai dai a lura, batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfin waya, iskar gas ce ta taru a cikinsa saboda lalacewar ruwan batir. Irin wannan ba a danna shi, ba a huda shi, ba a kuma ƙara yi masa caji. Mai gyara ake kai wa ya sauya shi.

Sai kuma mako mai zuwa, in Allah ya yarda.